Maganin da Ke Bayan Gareji

Ranar Talata ce. An yi ruwa daren Lahadi, Litinin ta wuni da hadari ba a sake ko ɗigo ba, Talata kuma ta waye fes, babu iska, babu gajimare, rana ta fito da wuri ta shanye raɓa. Mai Tanki, mutumin da na fara yi wa aiki kwana uku kafin nan, ya ce irin safiyar da ake nema ke nan: ganye a bushe, ƙasa a jiƙe, abin da ka fesa ya zauna inda ka sa shi.

Aikin feshin ciyawa ne. Ka goya tanki a baya, ka riƙa buga hannun famfo da hagu, kana kaɗa sanda da dama. Shi ne aikina na shida tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Na yi gareji, na yi lodin kaya, na yi cajin waya, na yi tallan takalma, na yi shagon aski. Ban faɗa wa kowa a gida na samu na shida ba, saboda na san abin da Kawu zai ce. Shi ya laƙaba mini Fara. Wai suna ɗaya, ma'ana biyu: ga tsalle daga kara zuwa kara, ga fara aiki ba a gamawa. Layinmu duk ya ɗauka, har Inna, uwata, wani lokaci bakinta yakan suɓuce.

Kawu yayan Inna ne. A gidansa muke tun rasuwar babana, ɗaki biyu a can ƙurya kusa da famfo. Shagonsa na aski a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gida, don haka abin da aka faɗa a shago ana ji a gida, abin da aka faɗa a gida ana ji a shago. Kujera ɗaya ce mai juyawa, an ɗaure ƙafarta da waya. Madubi mai tsaga a kusurwa, benci mai ɗaukar mutum biyar, aska uku, almakashi, da injin aski da ba ya taɓawa sai an matsa masa. A ƙarƙashin benci kuma akwai tsohon buhu mai danshi. A ciki yake ajiye ganye.

Ba don kyawun aski mutane suke tsallake shago uku su zo wurin Kawu ba. Askinsa iri ɗaya ne tun kafin a haife ni. Don ganyen suke zuwa. Gogamasu. Wani ɗan tsiro ne da ke fitowa da kansa a damina, tsayinsa bai wuce ƙauri ba, jikinsa da gashi-gashi, ganyensa bibbiyu suna kallon juna, a kowace gaɓa kuma fararen furanni ƙanana sun taru sun yi curi. Idan ba ka san shi ba, taka shi za ka yi ka wuce. Kawu yakan murje ɗanyensa tsakanin yatsu har ruwan ya fito, ya goga a kan makero, ko ƙyasbi, ko ƙurajen da ke fitowa a ƙeya bayan aski. Yana da raɗaɗi, ƙato ma sai ya cije leɓe. Wanda ya shanya a inuwa kuma yakan daka, ya kwaɓa da man shafawa, ya ba masu ƙaiƙayi su tafi da shi gida a rani. Yana da maganar da yake yi wa duk wanda ya yi ƙorafin zafi, cewa in bai ci ka ba, bai ci cutar ba.

Kawu ba shi da gona, ba shi da mota. Abin da ya mallaka a duniya ita ce maganar da ake yi a gari, cewa shekara talatin da ɗaya mai askin nan bai taɓa ɓata fatar kowa ba. Da ita yake ci, da ita yake ciyar da mu, da ita kuma yake taka duk wanda ya ga dama.

Wata bakwai na yi a shagonsa. Aikina shara, wasa aska, da zuwa filin bayan tsohon gareji in ciro ganye a jikin katanga, inda ruwan kwata ke tsiyaya. Wata rana na ga akuya ta yi fitsari a wurin, sai na wanke ganyen a famfo kafin in kai masa. Yana taɓawa ya ji ruwa. Ya ce ƙarfin abin a kan gashin ganyen yake, na wanke masa magani na kawo masa ciyawa. Na ce ai da ma ciyawa ce. A gaban mutum huɗu ya ɗaga damin nan jiƙaƙƙe ya shauɗa mini a fuska, ya ce wanda ya kasa haddace jadawalin bakwai shi zai koya masa sana'a. Na cire tawul daga kafaɗa na yar, na fita.

Tun daga ranar, wata huɗu, ba mu yi magana baki da baki ba. Gida ɗaya, famfo ɗaya, amma gaba muke. Idan yana da magana da ni, sai ya faɗa wa Inna da ƙarfi, ko ya faɗa wa kan da yake aski. Ni ma in ina da amsa sai in faɗa wa Inna, ko bango. Ya ce a gaya wa masu cin abincin banza su rage buɗe famfo. Na ce a gaya wa likitan juji famfo ba gadonsa ba ne. Inna tana tsakiya kamar kwano tsakanin karnuka biyu. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta gaji ta sa mana ido.

To, ranar Talatar nan, da Mai Tanki ya tsayar da babur ɗinsa, sai na ga inda muka zo. Filin bayan gareji. Mai filin yana so ya zuba tsakuwa ya riƙa ajiye manyan motoci, ya ce a kashe masa duk wani abu mai kore. Mai Tanki ya ba ni gwangwanin awo, ya ce cika ɗaya a kowane tanki, kar in ƙara, ya tafi duba wani aiki.

Ba zan ce ban sani ba. Na san kowane taku na filin nan. Tankin farko na zuba gwangwani ɗaya kamar yadda aka ce, na yi tsakiyar fili. Da na zo jikin katanga na ga gogamasun ya yi kyau, ya yi kauri, furanni fari tas kamar an watsa gishiri, sai fuskata ta tuna da damin nan. Na zuba gwangwani biyu. Na bi katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan, na juyo na sake bi. Abin da ke raina shi ne Kawu ya zo ya tarar da kantin maganinsa ya ƙone, ya tsaya yana raba ido. Iyakar abin da na yi nufi ke nan, ko a yarda ko kar a yarda.

Da Mai Tanki ya dawo na tambaye shi me ya sa ganyen bai yi komai ba. Ya ce haka irin wannan yake, ba ya nunawa sai bayan kwana biyu ko uku, yau da gobe kore shar za ka gan shi. Ya ce in gaya wa masu awaki su ɗaure dabbobinsu. A nan na gane Kawu zai iya ciro shi bai sani ba. Tun da na bar shago, Kawu da kansa yake zuwa cirar ganye, da rana idan shago ya yi sauƙi.

Na wanke hannu da ƙafa a wurin Mai Tanki, na canza riga, na dawo gida wajen ƙarfe goma. Kawu yana kan wani kai, benci a cike. Inna tana wanki a bakin famfo. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa ba tare da na zama wanda ya fara karya gaba ba. Na tsaya a tsakar gida, daidai ƙofar shago, na ɗaga murya.

“Inna, a gaya wa masu yawon tsince-tsince, filin bayan gareji yau cike yake da magani.”

Almakashi ya tsaya. Kawu bai juyo ba. Ya kalli madubi, ya yi magana da kan da ke gabansa.

“Ka ji ikon Allah. A gaya wa mai faɗa, tun kafin a yanke masa cibiya filin nan cike yake da magani. Sai yau ya gane? Jiya ciyawa ce, yau magani. To, fara ta yi ilimi.”

Benci ya ɗauki dariya. Tela, wanda shagonsa ke kallon na Kawu, ya ce ai yaro ya tuba, a mayar masa da tsintsiyarsa. Wani ya ce sai ya fara biyan kuɗin tawul. Inna ma ta yi murmushi a kan bahon wanki, don a kunnenta abin ya yi kama da sulhu.

Kalma ɗaya ta rage. In ce feshi. In ce na ciyawa. Tana kan harshena, na ji nauyinta. Amma dariyar nan tana ta zagaye shagon, Kawu kuma yana kallona ta madubi da gefen ido, irin kallon da ake yi wa kare da ya dawo gida da jela a ƙasa. Na ce a raina ai na faɗa, wanda bai ji ba kunnensa. Na shige ɗaki na ja ƙofa.

Da azahar na ji shi ya ɗauki buhu ya fita. Na ji ya dawo. Ina kwance ina kallon rufi, ina gaya wa kaina maganin ciyawa ne, mutum ba ciyawa ba ne.

Mahauci ya zo da la'asar. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, yana da makero a ƙeya da ya ƙi jin duk wani man kemis. Kawu ya aske wurin da aska ƙwal, har ya ɗan yi jini-jini kamar yadda yake yi don magani ya shiga, ya murje ganye ya goga, ya sake murjewa ya sake gogawa. Ina jin Mahauci yana cewa yau abin ya fi na kullum ci. Kawu ya ce damina ce, ganye ya ƙoshi, in bai ci ka ba bai ci cutar ba. Bayansa aka yi wa Tela a gefen wuya, aka yi wa wani direba a haɓa.

Laraba na fita tun da sassafe, muka yi feshi a wani wuri mai nisa, na ƙi dawowa sai da rana ta faɗi. Na tarar da Inna tana shafa wa Kawu mai a yatsu. Babban yatsa da manuni na hannun dama sun yi ja, sun kumbura, fatar da ke kusa da farce ta tashi. Yana cewa sabon sabulun da ta sayo ne. Ta ce sabulun da kowa ke wanka da shi. Na wuce su na shige ɗaki. Abincin da ta ajiye mini ban iya ci ba, na ce zazzaɓi nake ji.

Alhamis da hantsi suka zo. Ban je aiki ba, ina zaune a bakin famfo, na ji titi ya cika da murya. Mahauci ne a gaba, an naɗe masa wuya da bandeji, ba ya iya juya kai sai ya juya jiki duka. Tela yana bayansa, gefen wuyansa ya yi ƙuraje masu ruwa kamar an watsa masa tafasasshen mai. Direban bai zo ba, matarsa ce ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa tana faɗa wa duk mai wucewa cewa mijinta ko ruwa ba ya iya sha sai da tsinke. Mutane suka taru har kan kwata.

Mahauci ya ce a asibiti an tambaye shi wane ruwan batir aka zuba masa. Ya ce shekara goma yana miƙa wa Kawu wuyansa, wuyan da ko ɗan'uwansa ba ya bari ya taɓa, ashe tsufa ya ci idon mai aski har ba ya bambance ganye da ganye. Wani daga baya ya ce da ma an ce ba ganye kaɗai yake sawa ba, akwai abin da yake haɗawa a ɓoye. Wata ta ce ɗanta ma bara kansa ya yi tabo, ta dai yi shiru ne. Mutanen da jiya suke zaune a bencin nan suna dariya, yau kowa ya tuno wani laifi. Tela ya ce a kira hukuma a rufe wurin.

Kawu yana tsaye a jikin kujerarsa, hannun dama a naɗe da tsumma. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ganyen da ya goga musu shi ne wanda ya goga wa iyayensu, daga wuri ɗaya, da hannu ɗaya. Ya ce in ido ne, a kawo ganye ɗari a baje, a rufe masa fuska, zai fitar da gogamasu da hanci. Mahauci ya ce baki ba ya warkar da wuya.

Sai Kawu ya sunkuya ya jawo buhun daga ƙarƙashin benci. Akwai ragowar ganyen Talata, ya ɗan yi laushi amma kore. Ya ajiye a kan kujera. Ya ɗauki aska da hannun hagu, ya kalli madubi, ya kankare kuncinsa daga kunne zuwa haɓa, ba ruwa ba sabulu, har jini ya tsattsafo. Ya ɗebi ganye ya fara murzawa a tafin hannu. Ya ce kowa ya buɗe ido ya gani, in guba yake ba mutane, to ga fuskarsa, kuma a ido ma zai ɗiga in ana so.

Ina tsaye a ƙofar tsakar gida. Inna tana gefena, ta riƙe bakin zaninta. Na ga ruwan ganyen ya fara fitowa kore a tafinsa. Ya ɗaga hannu.

“Kawu, kar ka sa.”

Wata huɗu ban kira shi da bakina ba. Bai sauke hannun ba, ya dai tsaya.

“An yi wa filin feshi,” na ce. “Maganin ciyawa. Ranar Talata da safe.”

“Wa ya gaya maka?”

“Ni na yi.”

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, ba ta madubi ba. Jini yana gangarowa a kuncinsa zuwa wuyan riga.

“Kai ka yi. Ka dawo gidan nan ka gan ni na ɗauki buhu.”

“Na faɗa maka.”

“Me ka faɗa mini?”

“Na ce filin cike yake da magani.”

Na ga maganar ta shiga kansa ta zauna. Leɓensa ya motsa, yana maimaita ta a hankali. Tela ma ya tuna, don yana wurin, har shi ya ce a mayar mini da tsintsiya.

“Da na amsa maka,” in ji Kawu, “ka san ban gane ba?”

Da zan iya cewa a'a. Babu mai shaida a kan abin da ke cikin mutum. Na ce na sani.

Mahauci ne ya fara isowa gare ni. Ya shaƙe wuyan rigata da hannu ɗaya ya ɗaga ni har yatsun ƙafata suka bar ƙasa, ya buga ni da ƙyauren. Na ji haƙori ya motsa. Inna ta yi ƙara ta rataya a hannunsa tana cewa ya dubi Allah, ya dubi maraici. Ya ce maraicin banza, maraya ne ya dafa masa wuya. Ya sake ni, ya juya ga Kawu, don fushinsa bai ƙare a kaina ba. Ya ce shi bai san wani Fara ba, kujerar mai aski ya zauna, hannun mai aski ya goga masa. Ya ce abin da ka ciro a bayan gareji, inda karnuka da awaki ke yawo, ko ɗaurayewa ba ka yi kafin ka sa a jikin mutum?

Kawu ya waiwayo. Ya dube ni, na dube shi. Ya buɗe tafin hannunsa, ganyen ya faɗi ƙasa.

Aka ce a je a gani da ido. Muka ɗunguma zuwa bayan gareji, ni a tsakiya, wani yana riƙe da bayan rigata kamar ɓarawon kasuwa. Tsakiyar filin ya fara ɗorawa-ɗorawa kaɗan. Amma jikin katanga, inda na bi sau biyu, ya riga ya faɗi. Ganye ya nannaɗe, furannin sun koma ruwan ƙasa, tun daga wannan kusurwa har waccan, layi ɗaya miƙaƙƙe kamar an ja da igiya. Ko makaho ya shafa zai san an fi ba wa wurin nan. Aka aika aka kira Mai Tanki. Ya zo ya duba, ya tsuguna ya shinshina, ya ce wannan ba awon da ya bayar ba ne, kuma ai tun ranar ya ce a gargaɗi mutane. Ya ce kar in ƙara zuwa inda yake, ya hau babur ɗinsa.

Kawu ya shiga cikin mataccen ganyen ya tsaya. Ya tsuguna ya ciro ɗaya da hannun hagu, ya duba saiwar, ya yar. Ya ciro wani. Mutane suka fara watsewa biyu-biyu, kowa da tasa. Wasu na cewa tsohon ba shi da laifi. Wasu na cewa gidan da ɗa ke sa wa kawunsa guba a sana'a, wa zai kai kansa can, yau ganye, gobe aska. Matar direba ta ce ita dai ko kyauta ne an gama.

Na jira ya mare ni. Da ya yi da na ji sauƙi. Ya miƙe ya wuce ta gabana kamar ni turke ne aka kafa, ya tafi gida.

Da yamma ya kira Inna tsakar gida. A wannan karon bai ɗaga murya don in ji ba, a hankali ya yi magana, amma gidan ba ya ɓoye komai. Ya ce ita jininsa ce, ɗakinta nata ne har mutuwa. Ɗayan ɗakin kuma yana so a share shi kafin Asabar. Inna ta ce yaro ne, kuma ai shi ya hana shi sa wa a fuska, da ya yi shiru da wa zai sani. Kawu ya ce ranar Talata ake son bakin, ba ranar Alhamis ba. Ta ce shi ma da ya saurara maimakon neman abin ba'a. Ya ce in ta ƙara kalma ɗaya ɗaki biyu za a share.

Ta shigo wurina ta zauna a bakin katifa. Ba ta zage ni ba. Ta ce ita fa har murna ta yi ranar, ta ɗauka hanya nake nema in koma. Ta ce kalma ɗaya, Fara, sai ta gyara ta kira ni da sunana. Ta tashi ta fara ninke mini riguna.

Ranar Juma'a na fita. A bayan wani shagon faci nake kwana yanzu, ina taya mai shi cire taya, aiki na bakwai. Inna takan zo wani lokaci da kwano a leda, ita take ba ni labari. Yatsun Kawu sun yi sati uku kafin su iya riƙe aska. Da ya buɗe shago, benci bai cika ba. Tsofaffi biyu-uku suna zuwa don kunya, su yi aski su tashi. Ya samo gogamasu a wani wuri can bayan layin dogo, ya wanke, ya sa a sabon buhu, ya nuna wa kowa ya wanke, babu wanda ya yarda a goga masa. Ganyen ya bushe a ƙarƙashin benci. Da damina ta wuce ya sayar da kujerar ga wani mai gyaran takalma, ya ba da shagon haya ga mai sayar da katin waya. Inna ta ce yanzu a tsakar gida yake wuni, yana wasa askar da ba ta da aiki.

Na taɓa haɗuwa da shi sau ɗaya a bakin titi. Na gaishe shi, na ce Kawu ina wuni. Ya dubi mai lemon da ke gefena ya ce a gaya wa mai gaisuwa an ji.

Abin da aka rasa: fatar ƙeyar Mahauci, faɗin tafin hannu, gashi bai sake fitowa ba. Tabo a wuyan Tela da haɓar direba. Farce biyu a hannun daman Kawu. Haƙorina ɗaya na gaba. Ɗaki ɗaya, aiki ɗaya. Gogamasun jikin katanga, taku arba'in, yanzu tsakuwa ce da tayoyin manyan motoci. Kujera ɗaya, benci ɗaya, shago ɗaya. Shekara talatin da ɗaya.